Farar Kaza Mai Baƙin Wuya

A gidanmu ba mai kiran sunana, domin sunan Kaka aka sa mini, mahaifiyar Baba. Shi Baba Uwata yake ce mini, Inna kuwa sai dai ta ce "ke yarinyar nan". Mai sunan da kanta takwara take kirana in muna shiri, in kuma mun ɓata sai na koma "mai tsaurin idon nan". Ɓatawar ta fi shirin yawa, don duk wanda ya san mu yakan ce zuciyarmu ɗaya, ga wushirya iri ɗaya, ga goshi iri ɗaya. Kaka kaɗai ce ba ta yarda ba. In aka ce na yi kama da ita sai ta taɓe baki ta ce, "Wannan? Dubi hancinta. Ta dangin uwarta ce."

Ƙauyenmu yana kan wani tudu kusa da Auyo. In damina ta yi nisa kogin Haɗeja yakan cika ya malala cikin fadama, sai a wayi gari ruwa ya kewaye mu, shinkafa ta yi kore shar har iyakar ganin ido, zuwa gidan maƙwabci ma wani lokaci sai da kwalekwale. A ƙarshen zamanin Turawa ne, ina 'yar yarinya, ban kai munzalin aure ba amma na isa aike.

Abin da Kaka ta fi ji da shi a duniya kajinta ne. Farare ne tas, da baƙin gashi ya zagaye wuya, da ɗan baƙi a ƙarshen wutsiya kamar an tsoma a tawada. Babu mai irinsu a duk tudun. Ta ce kakarta ce ta taho da irin daga wajen tafkin Chadi a cikin kwando, lokacin da suka yo ƙaura. Tun daga nan uwa ke ba 'yarta sagara ɗaya, wato budurwar kaza da ba ta fara ƙwai ba, ranar da za a kai ta ɗakin miji. Haka kazar ta bi mata hannu zuwa hannu har ta iso ga Kaka. Ita kuwa maza zalla Allah ya ba ta.

"A kaina za ta tsaya," in ji ta, duk sanda take watsa musu dusa.

"Ni fa, Kaka?"

"Ke 'yar ɗa ce. Kazar nan ba ta bin ɗa. Matsa, kina taka mini tsako."

Wannan magana tana ci mini rai ƙwarai, ko da yake a lokacin ba zan iya faɗin dalili ba. Ba don ina son kaza ba ne kaɗai.

A shekarar da nake ba da labari, cutar kaji ta shigo garin bayan an gama yankan shinkafa. Kaza sai ta yi ta gyangyaɗi, ta saki fiffike, gobe a kwashe ta. Kaka ta jiƙa ɓawon maɗaci da barkono, ta yi ta ɗura musu, ta kwashe wasu ta kai ɗakinta ta rufe, amma da cutar ta wuce biyu kacal suka rage mata: wata tsohuwar kaza da zakara ɗaya. Ba ta karaya ba. Ta ce mace da namiji ai sun isa a sake gari.

To, Baba mutum ne mai son sabon abu. Shi ya fara sayen fitilar ƙwai a unguwarmu, kuma ya taɓa takawa har Malam Madori ba don komai ba sai don ya ga jirgin ƙasa, ya dawo ya shekara yana kwaikwayon kukansa. Wata rana Kaka ta tafi garin Guri wajen bikin suna, za ta kwana biyu, sai ga malamin gona ya zo daga Haɗeja a kan keke, da leburori ɗauke da kwanduna. Aka yi shela a ƙofar gidan Bulama, mai garinmu, cewa Turawa sun aiko da jajayen zakaru masu girma. Duk wanda ya kawo zakaransa na gida za a musanya masa da ja, domin a gyara irin kajin ƙasa. Ina gani Baba ya shigo da sauri, ya yi ta zagaye da farin zakaran Kaka a bayan rumbu har ya cafke shi.

Na ce, "Baba, na Kaka ne fa."

Ya ce, "Uwata, ki bari kawai. In ta ga wanda zan kawo, har albarka sai ta sa mini."

Inna tana bakin murhu, ta ɗago ta dube shi, ta mai da kai ga wutarta. Ba a shiga tsakanin uwa da ɗanta, amma na ga tana danne dariya.

Abin da ya kawo kuwa ƙato ne, ja wur, ƙirji a gaba, tafiya ɗai-ɗai. Bai iya tono ba, bai iya hawa danga ba, in rana ta yi sai ya buɗe baki ya yi ta haki a inuwa yana jiran a kawo masa abinci. Da Kaka ta dawo, tun ba ta sauke ƙunshinta ba ta tsaya cak a tsakar gida tana kallonsa.

Baba ɗan fari ne, saboda haka Kaka ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye in akwai wanda za a aika. Ni ce 'yar aiken, ko da kuwa yana tsaye a gabanta.

"Takwara, tambayi ubanki, wannan baƙon daga ina?"

Na juya na tambayi Baba, wanda ke tsugune taku kaɗan daga inda take.

"Ki ce mata zakaran Turawa ne. 'Ya'yansa in sun girma, ɗaya ya ishi gidan nan miya."

"Tambaye shi, nawa fa?"

Baba ya sosa ƙeya. Ya ce an tafi da shi Haɗeja. Wani yaro da ya leƙo ta kan danga ya ce a'a, shi ya ga leburorin suna fige wani farin zakara a gindin tsamiya tun jiya. Baba ya harare shi, amma magana ta riga ta fita.

Kaka ta cika ta batse. Kwanaki ba ta amsa gaisuwar Baba sai da kai. Jan zakaran kuwa ta sa masa Di'o, sunan Baturen mulki, wai don shi ma ba ya noma sai rangadi, kuma ko'ina ya sauka sai an kai masa abinci. Sunan ya bi shi, har Bulama in ya wuce yakan leƙo ya ce a gai da Di'o.

Fushi ko ba fushi ba, tsohuwar kaza ba ta da wani miji sai shi. Ta yi ƙwai, ta hau kwanci. Kaka ta shafa bayanta ta ce mini ƙashi ya fara fitowa, wannan kwancin da wuya a sami wani bayansa. Duk abin da za a samu, a nan za a same shi.

Ruwan farko bai daɗe da sauka ba sai ta ƙyanƙyashe. Muka tsuguna a bakin akurki, Kaka ta ɗaga kazar a hankali tana lallashinta, sai ga 'yan tsaki kala biyu. Wajen rabi farare ne, da ɗan rawaya-rawaya irin na sabon tsako. Sauran kuma jajaye, launin jar ƙasa. Kaka ta yi hamdala da ta ga fararen. Jajayen kuwa ko kallo na biyu ba ta yi musu ba. Ta ce 'ya'yan Di'o ne, ba ta haɗa komai da su ba. Da suka ɗan yi ƙwari ta tattara su a ƙwarya, ta aika wa Goggo.

Goggon nan ba 'yar'uwarmu ba ce, maƙwabciya ce, Bafillatana da suka daɗe da zama gari, gidanta yana ƙetaren wani ɗan kwari. Ita da Kaka abokan wasa ne, don Kaka jinin Barebari ce, ba sa haɗuwa su rabu ba su tsokani juna ba. Kaka ta ce in gaya mata ga sadaka nan, tunda Fulani ba su san nama ba sai nono. Goggo ta karɓa da hannu biyu, ta ce in gaya wa baiwarta ta gode, haraji ya iso.

Daga nan Kaka ta zaunar da ni ta koya mini yadda ake gane mace da namiji tun suna ƙanana. Ban san me ya sa ta koya mini ba, tunda ta ce kazar ba tawa ba ce. Wataƙila idonta ne ya fara rauni, tana son nawa. Ta ɗauki tsako ta buɗe fiffikensa a kan yatsanta.

"Dubi nan. Mace takan riga namiji fitar da gashin fiffike, ta riga shi wutsiya. Namiji sai ya daɗe yana yawo da gindi a sake kamar ɗan da ba a yi wa wando ba."

Ta nuna mini ƙafa. Ta mace siririya ce, ta namiji da kauri, yatsunsa a baje. Ta ce in tafa hannu in gani: mace za ta lafe ƙasa, namiji zai miƙe wuya yana neman wanda ya yi. Ta riƙe su ta ƙafa ta juya kansu ƙasa, wai mai yawan fizge-fizge namiji ne. Har kukansu ta kara a kunne.

Ta bi fararen nan ɗaya bayan ɗaya, fuskarta tana ƙara ɗaurewa. Duk wanda ta ɗauka sai ta ce ƙafar nan ta yi kauri. Na tafa hannu, duk suka miƙe wuya suna kallona. Kaka ta ce jinin Bature ne ya sa su ƙiba, ba wani abu ba. Tun kakanninta ba a taɓa yin kwancin da babu farar mace a ciki ba, ba kuwa a kanta za a fara ba. Ta zaɓi wanda ya fi ƙanƙanta, mai sanyin hali, ta ɗaga shi sama.

"Wannan mace ce, ko a gaban alƙali."

Ta shafa masa lalle a fiffike don a shaida shi, ta ɗora a tafin hannuna.

"Riƙo na ba ki, ba kyauta ba. In shirwa ta ɗauke ta, ki bi ta sama."

Ban taɓa kula da wani abu a rayuwata kamar yadda na kula da tsakon nan ba. Nakan cusa busasshen kashin shanu da karare a tsohuwar tukunya, in yayyafa ruwa, in kife ta a bakin suri, da safe in kwaso ta cike da gara. Kifin da Baba ya kamo, in Inna ta gyara, ni ke tsince ƙananan in daka mata. In na ga inuwar shirwa a ƙasa, ihun da nake yi har masu su a fadama suna ji. A zanina take barcin rana. Inna ta ce saura in goya ta, ban kuwa faɗa mata na riga na gwada ba.

Ruwa yana cikin hauhawa tsohuwar kaza ta daina ci. Kaka ta duba ta, ta ce in gaya wa ubana ya zo da wuƙa tun da sauran numfashi. Aka dafa, ta rabar sadaka, ita ko romon ba ta taɓa ba. Bayan ita ba da daɗewa ba Di'o ma ya bi, zafi da laima suka kayar da shi. Babu wanda ya yi masa kuka sai Baba, shi ma a ɓoye.

Fararen nan kuwa suka girma, baƙin wuya ya fito musu sak irin na uwarsu, abin gwanin sha'awa. Sai na farko ya yi cara. Kaka ta ce dama ta san wannan, tun yana tsako idonsa a tsaye yake. Aka yanka. Na biyu ya yi, ta ce wannan ma ba ta sa rai da shi ba. Haka suka yi ta yi, kamar sun haɗa baki, kowane ya buɗe murya sai tukunya. A gidanmu ba a taɓa cin kaji kamar daminar nan ba. Baba yana suɗe yatsa ya ce, "Uwata, ki gaya wa tsohuwa, ai na faɗa za a sha miya." Ban isar da wannan saƙon ba, don ina son ubana da rai.

Ya rage saura tawa, mai lalle.

Gaskiya na ga alamu. Zankon kanta ya fara ja yana tashi. Gashin wuyanta ya yi tsini, na wutsiya ya fara lanƙwasa. Kaka ma ta gani, don na sha kama ta tana kallonta ta wutsiyar ido. Amma ba wadda ta ce uffan. Wata rana ma, ba tare da na tambaye ta ba, ta ce, "Akwai matan da ke da zanko. Uwar uwarta haka take." Na ce ƙwarai kuwa, ni ma na lura tafiyarta ta mata ce. A duk zamanmu da Kaka ba mu taɓa yarda da juna a kan wata magana kamar wannan ba.

Ranar da abin ya faru hantsi ne, Inna da wasu mata suna sussukar shinkafa, Goggo ta ƙetaro da ƙwaryar nono tana zaune kusa da Kaka suna musu a kan wa ya fi wani rowa. Sai 'yar lallena ta yi tsalle ta hau kan wani turmi da aka kife. Ta karkaɗe fiffike, ta miƙe wuya, ta saki wata irin murya a shaƙe kamar ƙofar da ta sha ruwa. Taɓare suka tsaya. Kamar don kada a yi gardama, ya sake yi, wannan karon har da ja a ƙarshe.

Goggo ta faɗi gefe tana dariya har da hawaye.

"Wayyo cikina! Wannan ce amaryar da ake ta yi wa gara? Ke Babarbariya, ai ni kika yi wa aiki. Jajayen nan da kika aiko mini, wallahi ko ɗaya babu namiji. Duk mata ne, har zankonsu ya fara ja, ƙwai suke nema. Kin kwashe matan kin ba ni, kin zauna kina kiwon ƙartai!"

Matan suka fashe da dariya, ni ma saura kaɗan, sai na dubi Kaka. Ba ta rama ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta shige ɗakinta ta saki asabari. Na bi ta na tarar tana zaune a bakin gado, hannuwa a cinya.

"Shi ke nan, takwara," in ji ta. "Ta tsaya. Daga bakin tafki har nan ba wadda ta yar da ita sai ni."

Na tsuguna na yi ta kuka. Tausayinta nake ji, ina kuma jin haushin zakaran, ina kuma tsoron wuƙar da na san tana jiransa. Goggo da ta ga wasa ya ɓaci ta zo bakin ƙofa ta ce za ta mayar da jajayen duka. Kaka ta ce ta riƙe abinta, ita ba jar kaza kakarta ta ɗauko a kwando ba.

Baba ya shiga taitayinsa. Ya daina zancen miya. Ya bi kasuwanni, Haɗeja, Auyo, har Guri, yana cigiyar farar kaza mai baƙin wuya. Sau ɗaya ya dawo da wata fara fat mai dogayen ƙafafu, ya ajiye a gaban Kaka yana murmushi. Ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Takwara, gaya wa ubanki ya mai da wa shanu balbelarsu."

Shi kuwa mai lalle, kullum sai ya hau turmin nan ya yi cara a daidai ƙofar Kaka, kamar yana tuna mata. Na san ranarsa ta kusa. Na sami Baba yana gyaran komar kamun kifi a zaure na roƙe shi kada ya yanka. Na ce Goggo tana da mata ba namiji, mu kai mata aro.

Ya ajiye komar ya ce in kamo shi. Ruwa ya cika kwarin da ke tsakaninmu da gidan Goggo, don haka a kwalekwale muka tafi, ni a gaba rungume da zakara, Baba a baya yana tuƙi ta cikin bado. Muna tsakiyar ruwa ya ce, "Uwata, na yi wa tsohuwa ɓarna. Ni gani nake kaza kaza ce." Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba. Zakaran ya zaɓi wannan lokacin ya yi masa kashi a kan ƙafa, muka yi ta dariya har kwalekwalen yana tangaɗi.

Ruwa ya janye, aka yanke shinkafa, aka fara kamun kifi a tafkunan da suka rage. Wata safiya sai ga Goggo da ƙwarya a rufe da faifai. Ta dire a gaban Kaka ta buɗe. 'Yan tsaki ne farare.

"Ga ƙartanki nan. Jajayena sun ƙyanƙyashe wa zakaran jikarki, an sami ja an sami fari. Yanzu kowa ya gane, fari namiji ne. Na riƙe jajayen, ni ba na ciyar da mai cara."

Duk garin a lokacin haka aka ɗauka, har waɗanda ba su da kaza ko ɗaya suna faɗa da ƙarfi. Kaka ma ta yarda. Ta ture ƙwaryar da ƙafa ta ce in kwashe in yi kiwo, a sami na yankawa da Sallah.

Na kai su bayan rumbu na zauna. Ban yi niyyar komai ba, hannuna ne kawai ya saba. Na ɗauki ɗaya na buɗe fiffike, gajere. Na duba ƙafa, kauri. Na ɗauki wani, haka. Sai na ɗauki wata, na ga gashin fiffikenta ya riga na sauran tsawo, ga ɗan tsinin wutsiya ya leƙo, ƙafa siririya kamar tsinke. Na ajiye su na tafa hannu. Duk suka miƙe wuya, ita kaɗai ta lafe a ƙasa.

Na kwasa da gudu.

"Kaka! Kaka, wannan mace ce!"

Tana kaɗi, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"An taɓa faɗa mana haka. Har alƙali aka ambata."

"Ki taɓa ƙafarta ki ji."

"Ba na taɓawa. Mai tsaurin idon nan, fita mini da ita."

Yanzu da na tsufa na gane ba taurin kai ba ne kaɗai. Tsoro take ji ta sake sa rai. A lokacin kuwa haushi ya cika ni, na ce to shi ke nan, ni ma ba zan ƙara magana ba. Na shafa mata lalle, na koma kifa tukunya a bakin suri. 'Yan'uwanta suka yi zanko, suka yi cara, Sallah ta zo ta tafi da su. Da Inna ta nuna ta ta ce wannan ma ta isa yanka, na tsaya a gabanta na ce sai dai a fara da ni. Baba ya ce a bar wa Uwata abinta, in ya yi cara a yi magana.

Ba ta yi cara ba. Ta yi ƙiba ta baya, baƙin wuya ya zagaye ta, ta koma sak tsohuwar da aka yi sadaka da ita. Kaka in za ta wuce ta sai ta kau da kai. Amma na lura dusar da take zubarwa a ƙofar ɗakinta ta fi ta da yawa, alhali ba ta da kaza ko ɗaya.

Wata rana da azahar muna tsakar gida, sai muka ji kyarkyara daga cikin ɗakin Kaka. Kazar ta fito da gudu tana shelar abin da ta yi wa duk unguwa. Kaka ta tashi ta shiga, na bi bayanta. A cikin kwandon audugar kaɗinta, a tsakiyar farar auduga, ga ɗan ƙaramin ƙwai.

Ta ɗauka, da ɗuminsa. Ta riƙe shi a tafin hannu.

"Uban wannan kazar wane ne?" in ji ta, kamar ba ta sani ba.

"Mai lalle ne. Ɗan tsohuwarki."

"Uwarta kuma ja."

"Ja ce."

Na yi kiwon kaji duk tsawon rayuwata, na kuma ga abin nan ya maimaita kansa ba sau ɗaya ba. In jan zakara ya hau farar kaza irin tamu, 'ya'yan sukan yi musayar riga, mata su ɗauko ta uba, maza su ɗauko ta uwa. Farin yana nan a jikin ɗan, shi kuma ya miƙa wa 'yarsa. A ranar ba mu san wannan duka ba, ƙwai kawai muka gani a cikin auduga.

Kaka ta sa ɗaya hannun ta kamo haɓata, ta juya fuskata wajen hasken ƙofa. Ta dubi goshina, ta ce in buɗe baki, ta dubi wushiryar. Idonta ya kawo ruwa.

"Ashe tana bin ɗa," in ji ta a hankali. Sai ta sake ni ta gyara murya. "Hancin dai na dangin uwarki ne."

Ta fito tsakar gida. Baba yana zaune a kan tabarma, ya ji komai amma ya yi kamar yana gyaran fatsa. Ta buɗe baki za ta ce takwara gaya wa ubanki, sai ta fasa. Ta taka da kanta har inda yake, ta sa masa ƙwan a hannu, ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Baba ya rasa inda zai sa kansa. Shi da ya yi alkawarin za a sa masa albarka a kan zakaran Turawa, ga ta ta zo, ya kasa cewa ko amin. Goggo kuwa da labari ya kai mata, ta aiko a gaya wa baiwarta cewa uwar kazar tata ce, saboda haka ƙwan farko haraji ne.

Allah ya ja kwanan Kaka har ta ga aurena. Lokacin fararen kaji sun sake cika gidan, ta kuma hana kowa kawo jan zakara ko da aro. A wani ƙauye wajen Baturiya aka kai ni, kuma da yake ruwa bai gama janyewa ba, a kwalekwale aka ɗauki amarya. An riga an zaunar da ni, ina lulluɓe ina ta kuka, sai na ji ana cewa a dakata, tsohuwa tana zuwa. Ta iso bakin ruwa tana dogara sanda, da kwando a hammata. Ta buɗe shi ta fito da farar sagara mai baƙin wuya, ta shafa ƙafarta, ta buɗe fiffiken ta laluba da yatsa, don idon ya riga ya tafi. Sannan ta mayar ta ɗora mini kwandon a cinya.

"Wannan kyauta ce, takwara, ba riƙo ba. Na duba, mace ce." Ta matso kusa da kunnena. "In kuma ta yi cara, kada ki bari a yanka."